Haɗa Wayar Salula da Wayar Girke da Sauran Hanyoyin Kira na Cikin Gida

1.0 Gabatarwa

Kalmar "waya" aro ce daga Ingilishi, kuma ma'anarta ta farko ita ce siririn ƙarfen nan da ake ja daga turke zuwa turke. Da zuwan tangaraho sai aka riƙa kiran saƙon da ke bi ta cikin ƙarfen da sunan ƙarfen, aka ce an "buga waya", domin kuwa a wancan lokaci bugawa ake yi da yatsa a kan na'ura. Da tarho ya zo ya gaji sunan, salula ma ta zo ta gada, har ga shi yau abin da mutum ke sakawa a aljihu, wanda ba ya tare da igiya ko ta taki ɗaya, ana ce masa waya. Wannan faɗaɗar ma'ana ta jawo ɗalibai da yawa suna ɗaukar duk wayoyi a matsayin abu guda. Alhali kuwa akwai iri uku da aikinsu ya sha bamban: wayar girke, da wayar gida maras igiya, da wayar salula, wadda ake kuma kira tafi-da-gidanka.

Wannan babi zai bayyana yadda kowace take aiki, sannan ya duba hanyoyin da ake bi a haɗa su don su yi aiki tare a gida ko a ofis. Batun ya shafi ɗalibin da ke shirin zama malami kai tsaye, domin mai yiwuwa ne a tura shi makarantar da sabis ba ya shiga ajujuwanta sai an fita bakin taga ko an hau tudu, ga kuma iyayen yara da ke bukatar lambar da za su samu makarantar idan wani abu ya taso.

2.0 Yadda Wayoyin Uku Suke Aiki

Wayar girke ita ce uwa. A shekarar 1876 ne Alexander Graham Bell ya sami takardar mallakar fasahar tarho a Amurka. Silin jan ƙarfe guda biyu ne suke tasowa daga gidan mai waya har zuwa cibiyar musayar kira ta garin. Ta cikin silin nan biyu murya take bi, kuma ta cikinsu cibiyar take turo wutar da wayar ke bukata, kimanin bolt 48, daga manyan batura da aka girke a can. Idan mutum ya ɗaga kan waya, sai hanyar wutar ta haɗu, cibiya ta gane cewa ana son kira, ta aiko da ƙarar nan mai nuna layi a buɗe yake. Idan kuma kira ne ya shigo, cibiya takan turo wuta mai ƙarfi fiye da ta kullum don ta kaɗa ƙararrawa. Abin lura a nan shi ne, tsohuwar wayar girke ba ta dogara da wutar gida ba. Ko unguwa ta kwana cikin duhu, muddin igiyar ba ta tsinke ba, ana iya kira. Ya kamata ɗalibi ya riƙe wannan, domin za a sake komowa kansa.

Wayar gida maras igiya kuwa, wayar girke ce da aka yanke mata igiyar da ke tsakanin gindi da kai. Tana da sassa biyu: uwa, wadda ake jona wa layin waya da wutar lantarki, da kuma kan waya mai batir, wanda ke magana da uwar ta hanyar rediyo. Na farko-farko da suka bazu a Amurka cikin shekarun 1980 ba su da sirri, domin duk mai rediyon da ke kama zangonsu yana iya sauraren hirar maƙwabcinsa. A shekarar 1992 hukumar tsara ƙa'idojin sadarwa ta Turai ta fito da tsarin da ake kira DECT, wanda ke mayar da murya lambobi kafin ya aika, yana kuma aiki a zangon megahaz 1880 zuwa 1900. Kan wayar DECT yakan yi nisan kimanin mita 50 daga uwarsa a cikin gini, a fili kuwa har mita 300. Uwa ɗaya tana iya ɗaukar kawuna da yawa, sau da dama har shida, kuma kawunan suna iya kiran juna ba tare da an biya ko kwabo ba, saboda kiran bai fita daga gida ba. Amma da mutum ya wuce iyakar zangon uwar, wayar ta zama kurma. Shi ya sa kuskure ne a kira ta salula.

Ita salula hikimarta daban ce. An yanka ƙasa gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa da turken sadarwarta, wato dogon ƙarfen da jama'a ke kira ƙarfen sabis. Wayar da ke hannun mutum takan nemi turken da ya fi mata ƙarfi, idan kuma yana tafiya sai turke ya miƙa shi ga turke ba tare da kira ya yanke ba. Martin Cooper na kamfanin Motorola ne ya fara kira da wayar hannu a birnin New York ranar 3 ga Afrilu, 1973, sannan aka fara amfani da tsarin GSM a ƙasar Finland a 1991. A wannan tsari lambar mutum tana tare da katin sim ɗinsa. Wannan ne babban bambancin da ke tsakanin salula da girke ta fuskar zamantakewa: lambar girke ta wuri ce, duk wanda ke kusa shi zai ɗauka, lambar salula kuwa ta mutum ce, inda ya sa ƙafa nan take.

3.0 Dalilin Neman Haɗa Su

A shekarar 2002 yawan layukan salula a duniya ya zarce na girke. A Amurka, wani ƙiyasi na hukumar lafiya ta ƙasar ya nuna cewa a rabin ƙarshe na 2016 fiye da rabin gidaje sun rabu da wayar girke ɗungum, sun koma salula zalla. Sai dai mutanen da suka saba da wayar gida sun tarar salula ba ta biya musu wasu bukatu ba. Gida yana da ɗakuna da yawa, salula kuwa guda ce, in an bar ta a ɗaki tana caji, kira ya shigo ana kicin, shi ke nan an rasa. Tsofaffi sun fi jin daɗin waya mai manyan maɓallai da ƙararrawa mai ƙarfi. Bugu da ƙari, kankare da ƙarfen gini da rufin kwano suna raunana sabis, har a sami gidan da kusurwa ɗaya ce tak take kamawa.

A Nijeriya labarin ya ɗan sha bamban, domin yawancin gidaje ba su taɓa mallakar wayar girke ba balle su rabu da ita. A lokacin samun 'yanci a 1960 layukan ƙasar ba su kai 19,000 ba. An kafa kamfanin NITEL a 1985, amma har zuwa 2001 layukan da ke aiki ba su wuce kimanin 400,000 ba, a ƙasar da mutanenta suka haura miliyan 100. Mai neman magana da ɗan'uwansa a Kano sai ya fara da 064, na Kaduna 062, na Sakkwato 060, kuma sau da yawa sai ya je ofis ko gidan wani attajiri ya jira. A watan Janairun 2001 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wato NCC, ta yi gwanjon lasisin GSM a kan dala miliyan 285 kowane ɗaya, a watan Agustan shekarar kuma Econet da MTN suka fara aiki. Globacom ta biyo baya a 2003. Saboda haka a nan, bukatar ita ce yadda za a samar wa gida ko makaranta waya zaunanniya ta hanyar amfani da sabis ɗin salula da ya riga ya iso.

4.0 Hanyoyin Haɗawa

4.1 Karkatar da kira

Wannan ita ce mafi sauƙi, kuma ba ta bukatar sayen wata na'ura. Mai salula yana umartar kamfaninsa da ya tura kiran da aka yi masa zuwa wata lamba. A tsarin GSM, idan aka danna **21* aka biyo da lambar da ake so aka rufe da #, duk kira zai koma can. Idan aka sa 62 a madadin 21, sai lokacin da wayar take a kashe ko ba ta cikin sabis ne kawai za a karkatar, 61 na lokacin da ba a ɗauka ba ne, 67 kuma na lokacin da ake kan wani kiran. Ana soke su gaba ɗaya da ##002#. Malamin da zai shiga aji yana iya karkatar da kiransa zuwa wayar ofis ya kashe tasa. A sani cewa a bisa al'ada wanda ya karkatar shi ke biyan kuɗin ɓangaren da aka tura, kuma saƙon tes ba ya bin kiran.

4.2 Haɗawa ta Bluetooth

A nan ne haɗuwar take ta zahiri, don haka za a ɗan tsawaita bayani. Bluetooth fasaha ce ta rediyo mai gajeren zango, wadda kamfanin Ericsson na ƙasar Suwidin ya soma aikinta a 1994. An ɗauko sunan ne daga laƙabin wani sarkin Denmark na ƙarni na goma, Harald, wanda ya haɗa kan ƙabilun ƙasarsa. Tana aiki a zangon gigahaz 2.4, kuma a wayoyin hannu ba ta cika wuce mita 10 ba.

Wasu kamfanoni sun sanya Bluetooth a cikin uwar wayar gida maras igiya. Panasonic na kiran nasa Link2Cell, VTech kuma Connect to Cell. Yadda abin yake shi ne, uwar wayar tana gabatar da kanta ga salula tamkar abin sauraren da ake maƙalawa a kunne ko lasifikar mota. Da zarar an yi musu gabatarwa sau ɗaya, duk lokacin da mai gida ya shigo da salularsa sai su gane juna su haɗu da kansu. Idan kira ya shigo salular, sai ta miƙa shi ga uwa ta Bluetooth, uwa kuma ta kaɗa duk kawunan da ke gidan ta DECT. Haka kuma wanda ke ɗaki yana iya ɗaukar kan waya ya buga lamba, kiran ya fita ta salular da ke falo, kuɗin kuma ya fita daga katinta. Yawancin irin waɗannan na'urori suna karɓar salula biyu, kuma suna aiki ko da babu layin girke a gidan sam.

Amfanin wannan ga gidan da sabis ke wahala a bayyane yake. Sai a nemi wurin da ya fi kamawa, alal misali bakin tagar bene, a ajiye salula a nan a jona mata caji, a girke uwa kusa da ita. Muryar za ta yi tafiya zango uku ke nan: daga turke zuwa salula, daga salula zuwa uwa, daga uwa zuwa kan waya. Kowane zango da irin rediyonsa, kuma mafi rauni a cikinsu shi ke yanke hukunci. Na'urar ba ta ƙara wa sabis ƙarfi, iyakarta ta ɗauko abin da salula ta samu ta kai shi ɗaki. In salular na kan sanda ɗaya, murya za ta riƙa yayyankewa a ko'ina cikin gidan.

Akwai kuma ƙaramin akwati, irin su XLink, da aka yi domin gidajen da ke da tsofaffin wayoyin girke. Akwatin yana kwaikwayon cibiyar musayar kira: shi ke ba da ƙarar buɗewar layi, shi ke tura wutar kaɗa ƙararrawa, alhali ta salula yake fitar da kiran. Wanda zai jona shi da igiyoyin waya na cikin bango wajibi ne ya fara cire layin da ya shigo daga waje, domin layin da aka daina biya ma yana iya kasancewa da wuta, in wutar biyu ta haɗu akwatin na iya ƙonewa.

Hanyar tana da naƙasu biyu da masu talla ba su cika ambata ba. Na farko, idan mai salula ya fita da abarsa, wayoyin gidan duk sun mutu, sai fa in akwai layin girke ko an ware wata salula da ba ta fita. Gidan da ake barin tsoho ko mai jego ko yara bai kamata ya dogara da salular da ke tafiya kasuwa ba. Na biyu shi ne sirri. Kiran da aka yi wa mutum ɗaya yanzu yana kaɗawa a ɗakuna huɗu, sunan mai kiran yana bayyana, kowa na iya ɗauka. A gidan da ake zaune da iyali da yawa wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma ya fi kyau a yi shawara kafin a haɗa.

4.3 Wayar tebur mai sim

Ga siffa wayar girke ce, da kai da maɓallai, amma ba ta da igiyar da ke fita waje. Tana da eriya da batir da gurbin sim. 'Yan Nijeriya sun san irinta tun shekarun 2000, lokacin da kamfanoni kamar Starcomms da Multi-Links da Reltel da Visafone suka riƙa sayar da wayoyin tebur masu aiki da tsarin CDMA, waɗanda suka cika shaguna da ofisoshi da rumfunan buga waya. Kamfanonin sun kasa jure gasar GSM, suka durƙushe ɗaya bayan ɗaya, MTN kuma ta saye Visafone a 2016. Wayoyin tebur da ake samu bayan nan suna karɓar sim na kamfanonin salula ne. Akwai kuma akwatin da ake sa wa sim sannan a jona masa wayar girke ta gargajiya ko uwar waya maras igiya.

A ganin mai wannan rubutu, wannan ce ta fi dacewa da makaranta. Eriyarta ta fi ta wayar hannu girma, wasu ma ana iya ɗaura musu eriya a kan rufi a jawo igiya zuwa ofis. Batirinta yakan daɗe, ba ta shiga aljihu balle a manta a tafi da ita, kuma lambar tana zama ta makaranta. Inda aka saba ba iyaye lambar shugaban makaranta, ranar da aka yi masa canjin wurin aiki lambar ta bi shi, uban da ɗansa bai dawo gida ba har magariba zai kira ya tarar da mutumin da ke wata ƙaramar hukuma. Sai dai a kula da rajista. Tun watan Disambar 2020 aka wajabta haɗa kowane layi da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, saboda haka in an yi wa sim ɗin makaranta rajista da sunan wani malami, layin nasa ne a hukumance, kuma in ya ɓace shi kaɗai ke iya karɓo shi. Ya kamata a rubuta sunan wanda aka yi rajistar da shi a cikin takardun miƙa aiki.

4.4 Salula ta bi layin gida

Hanyoyin da suka gabata duk wayar gida ce ke hawa kan salula. Akwai akasin haka. A 2005 kamfanin BT na Ingila ya fito da tsarin Fusion, inda salula ke bin turke a waje, in an shigo gida ta koma bin layin intanet na gidan. Bai karɓu ba, domin wayoyi ƙalilan ne ke iya aikin, cikin 'yan shekaru aka janye shi. Aka kuma gwada ƙananan turaku na cikin ɗaki da ake jonawa da intanet, kamar Sure Signal na Vodafone, wanda aka rufe a 2021. Abin da ya ɗore shi ne kira ta Wi-Fi, wanda ya bazu bayan wayoyin iPhone sun fara karɓarsa a 2014. A nan mutum yana kira da lambarsa ta kullum, amma muryar tana bi ta na'urar rarraba intanet ta gida. Sharaɗi ne wayar da kamfanin layin su kasance duk suna goyon bayan tsarin. Wannan daban yake da kiran WhatsApp, wanda ke bukatar ɓangarorin biyu su mallaki manhajar da intanet.

5.0 Wuta, Gaggawa da Kayan Gwanjo

An faɗa a baya cewa tsohuwar wayar girke daga cibiya take samun wuta. Duk sauran hanyoyin da aka bayyana ba su da wannan gata. Uwar waya maras igiya tana mutuwa da zarar an ɗauke wuta, ko da kawunanta cike suke da caji, haka akwatin Bluetooth, haka na'urar Wi-Fi. Matsalar ba ta ƙasashe masu tasowa kaɗai ba ce. Birtaniya ta tsara kashe tsohon tsarin tarhonta na jan ƙarfe a ƙarshen 2025 ta mayar da kowa kan intanet, amma a 2024 aka ɗage wa'adin zuwa Janairun 2027, kuma daga cikin dalilan akwai tsofaffi da marasa lafiya da na'urorin neman agajinsu ke rataye da tsohon layin. Inda wuta ba ta tsayawa, duk wanda zai girke irin waɗannan na'urori sai ya tanadi batir ko ƙaramin farantin sola tun farko. Ba su cin wuta da yawa.

Ta fuskar kiran gaggawa ma akwai bambanci. Layin girke yana da adireshi sananne a wurin kamfani, salula kuwa ba lallai ne mai amsa kira ya san takamaiman inda take ba. Saboda haka wanda ya kira 112 ta wayar tebur mai sim ko ta kan wayar da ke haɗe da salula, ya fara da faɗin sunan gari da unguwa da wata alama da ke kusa. Yana da kyau a manna wannan bayani a jikin bango kusa da wayar ofis, domin mai kiran yana iya zama ɗalibi ko maigadi da ke cikin ruɗu.

Kasuwanninmu cike suke da wayoyin gida na gwanjo, da yawansu kuma an yi su ne domin Amurka. Ana gane su da rubutun DECT 6.0 a jikinsu. Lambar 6.0 ta talla ce kawai, wayoyin suna aiki ne a zangon megahaz 1920 zuwa 1930, wanda a Turai da Afirka aka ware wa wayoyin salula na tsarin 3G domin aika saƙo zuwa turke. Kunna irinsu a nan yana iya dagula sabis ɗin maƙwabta, ƙasashe da dama ma sun haramta su. Haka kuma cajarsu sau da yawa ta bolt 120 ce, wutar Nijeriya kuwa bolt 230 ce, in ba a duba rubutun da ke jikin cajar ba jonawar farko ita ce ta ƙarshe. Irin wannan damuwa ce ta sa Hukumar NCC ta gargaɗi jama'a game da na'urorin ƙara ƙarfin sabis da ake sayarwa ba da izini ba, domin suna gyara wa gida ɗaya su ɓata wa unguwa. Kafin a biya kuɗi, mai saye ya juya uwar wayar ya karanta zangon da aka rubuta a ƙarƙashinta. Wadda ta dace da nan ita ce mai 1880 zuwa 1900.